Ranar da Kan Gidanmu Ya Manta da Mu

Da safe ne, ina tsugune bayan ɗakin Inna ina kurkure baki, na tofar da ruwa na ga ya fito ja. Na ce ko asuwaki ne ya karce mini dasashi. Na sake guntsa, na sake tofarwa, ja ne dai, har ya fi na farko. Sai na duba ƙafata ta hagu, wadda ke ɗaure da tsumma tun jiya, na ga tsumman ya jiƙe sharkaf, jini na bin diddigena yana ɗiga cikin ƙasa a hankali, ba ya gudu, ba ya tsayawa. Ke kuwa kina cikina, wata bakwai, kuma tun asuba ban ji motsinki ba. Buta ta suɓuce daga hannuna. Na zauna daɓas cikin ruwan da ya zube, ina kallon ƙafar kamar ta wani ce.

Nana, ina rubuta miki wannan kina barci kusa da ni. Ba don na iya rubutu ba ne, karatuna ya tsaya a kwalej. Don na san za ki girma ki ji ana cewa Kaka Dela, kakar uwarki, ta kai ni kan dutse don ta ba tsafi abin da ke cikina. Mata na faɗin haka a bakin rijiya tun kafin a yanke miki cibiya, kuma na gaji da amsa musu. Ga yadda abin ya kasance, ki riƙe.

Shekarar nan na komo gidanmu goyon ciki. Ubanki Isufu yana Abija, can bakin teku, wajen bidar kuɗi, sai dai murya a waya. An yanke hatsi, zafi bai sauka ba, ni kuwa wuni nake kwance a zaure, jiki ba ƙarfi, zuciya ba daɗi. Baba, Malam Haruna, shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Kaka Dela ita ta haife shi, shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai gidan ga". An haife ta a Tsohon Gari, kufan da ke kan dutse bayan garinmu, lokacin da mutanenmu ke Azna, masu bin addinin gargajiya. Ta yi sallah daga baya, kamar kowa, amma Baba ya hana a yi maganar dutse a gidansa. Wata ranar kasuwa ya tafi Buza, sai ga ta da la'asar sakaliya da sandarta, ta zungure ni.

"Tashi, kishiya, ki raka ni. Mai ciki ba ta wuni kwance kamar buhun hatsi."

"Ina za mu, Kaka?"

"Inda anka binne cibiyata. In na mutu, wa za shi gwada maki? Wancan?"

Na zura silifa na bi ta. Ba mu bi ta kan hanya ba, ta bayan gidaje munka zaga, har munka fito ƙarshen gari inda wani gida yake shi kaɗai, dangarsa ta karkace. Tun daga nesa na ji warin, tsami-tsami kamar kunun da ya kwana. Gidan Tasalla ne, gidan giya na ƙarshe da ya rage mana. Tun muna yara ake ce mana mu ƙetare shi da gudu. Da na shiga ban ga komi na gudu ba: manyan tukwane baƙaƙe, murhu, ƙore a kife, da tsofaffi zaune kan turame da guntun icce, kowa da ƙoƙonsa tsakanin ƙafafu. Tasalla kanta tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai ido ɗaya. Kaka ta ce da can irin gidan ga sun fi a ƙirga, ita da Tasalla tare sunka koyi dafa giya, ranar bikin buɗin daji gari duka nan yake ƙarewa. Wani tsoho mai suna Anaruwa ya ɗaga kai ya ƙura mini ido.

"Dela, wagga ba ɗiyar ladan ba ce? Ladan ya san matata tana nan?"

"In ka hwaɗa mai, ni ko in hwaɗa ma uwargidanka inda akuyarta ta shiga."

"Akuya ɓacewa ta yi!"

"Ta ɓace cikin tukunyar Tasalla."

Sunka fashe da dariya, har wani ya sarƙe. Tasalla ta kawo mini fura a wata ƙwarya sabuwa, ta ce in sha, wagga ba ta taɓa ganin giya ba. Kaka ma ba ta sha giyar ba, ta dai karɓi ƙoƙo ta shinshina ta mayar. Da sunka ji inda za mu, sai gardama ta tashi kan mafarin gari. Anaruwa ya ce maharbin da ya fara sarar wurin daga Gobir ya fito. Wani ya ce ƙarya ne, daga arewa ya gangaro, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Abu ɗaya ne ba su yi musu a kai ba: maharbin ya kwana a bakin kogo, ya farka ya iske kububuwa naɗe a kan kwarin kibansa, bai kashe ta ba, ta warware ta shiga gaba, ya bi ta har ta kai shi ga ruwa. Tun ranar anka yi alkawari. Zuriyarsa ba su kashe ta, ita kuma ba ta kashe su. Kowace shekara ana kai mata nono a bakin kogo. Ita ce kan gidanmu, wato abin da gidanmu ke girmamawa tun kakanni. Ni ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Da za mu fita, Anaruwa ya dubi ƙafafuna, dariyar ta bar fuskarsa.

"Dela, an yanke hatsi, ɓeraye sun hau dutse, abin da ka cin ɓera ya bi su. Ki bari yarinya ta sa takalmi na kirki."

"Jikar maharbi ce," in ji Kaka. "Mi za shi taɓa ta?"

Hawan ba shi da tsawo amma ga mai ciki aiki ne. Muna tafe muna hutawa. Gefen dutsen duk layukan duwatsu ne da anka jera don tare ruwa, aikin puroje, wato shirin taimako, na zamanin da Baba ke saurayi. Kaka ta ce su mata sunka ɗauko su a ka, shekarun yunwa, ana ba su abinci. Da duwatsun kusa sunka ƙare, sai anka koma rushe kufai. Ta tsaya kan wani layi ta buga shi da sanda.

"Wanga ɗakin uwata ne. Ni na sauko da shi da kaina. Ya tare ruwa dai, ba laihi."

A sama ta yi ta gwada mini abubuwa, ni ban ga komi ba sai in ta nuna. Wani tsagi tsakanin manyan duwatsu, nan ne ƙofar gari; in mahara sunka zo, ana kora dabbobi ciki, maza su gangaro musu da duwatsu. Ramuka masu sulɓi cikin falalen dutse, nan mata ke niƙa, ta san na kakarta, ta sa hannuna ciki. Wani fili, nan ake kokowa. Wata tsohuwar kuka da rabinta ya mutu, nan anka tara mutane ranar da Nasara ya ce kowa shi sauka ƙasa kusa da hanya. Daga can na hango kwari duka, garaken albasa kore shar, hayaƙin girkin yamma na tashi daga gidaje, shanun Fulani na komowa. Iska ta buso mai sanyi. Sai in faɗa miki gaskiya, Nana, na ji daɗi. Tunda na komo gida ban ji sauƙi irin na yammar nan ba. Kin yi ta motsi, Kaka ta ɗora tafinta kan cikina ta ce kin gane gida. Daga ƙarshe ta kai ni bakin kogo. Ruwan ya ƙafe tun tuni. Akwai wani fasasshen kasko cike da ƙasa, nan ake zuba nonon. Na tambaye ta yaushe rabon a kawo. Ta ce tun kafin a yi wa wancan aure.

Rana ta faɗi muna saukowa. Ina gaba, tana baya. Na ji wata ƙara kusa da ƙafata, kamar ana goga busassun ganye, kafin in duba na ji kamar ƙaya ta soke ni a idon sawu, sai kuma wuta. Na gan ta, kububuwa. Gajera ce, kalar ƙasa, ta lanƙwashe tana goga jikinta. Na yi ƙara na ce Kaka ki kashe ta. Kaka ba ta ɗaga sanda ba. Ta durƙusa, ta tafa hannu a hankali.

"Sannu, tsohuwa. Sannu da zama. Jikarki ce, na kawo maki ita."

Abin ya sulale cikin duwatsu. Kaka ta zaunar da ni, ta kwance reza daga bakin zanenta ta ɗan tsaga wurin, ta shafa wani gari baƙi, ta yage tsumma ta ɗaure. Fuskarta ma kamar ta mai murna.

"Gaisuwa ce. Ta ciji uwata, ta ciji ƙanen uwata, ba wanda ya kwanta. Za shi kumbura, shi sace. Kak ki hwaɗa ma ubanki, kin ji? In ya ji mun hau dutse, ni da shi sai lahira."

Ina so ki gane wannan, don nan ne mutane ke karkatar da magana. Ba mugunta ta yi ba. Abin da ta sani ke nan, ta gan shi da idonta tana yarinya, ko ta ɗauka ta gani. Ni kuwa na taɓa ganin hoton irin macijin a littafin lakkwal, wato makaranta, amma tsohuwar da ta goya ubana tana gabana tana cewa ba komi, ga kuma fuskar Baba da nake hangowa in ya ji ɗiyarsa ta zauna gidan Tasalla. Na ce wa Inna targaɗe na yi. Ta ce mai ciki da yawon yamma, ga irinta nan. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, na kwana ina cizon zane.

Shi ne da safe na ga jinin. Ban tafi wajen Inna ba, ɗakin Kaka na ja jiki na shiga. Ta kwance tsumman. Tsagar da ta yi, ƙarama kamar ta ƙaya, tana ta zubarwa kamar yanzu anka yi ta. Ta ce in buɗe baki. Ta duba. Ta taɓa kunnena, ta ga yatsanta ya yi ja, hudar 'yan kunnena ta tun yarinta ita ma ta buɗe. Na ga tsufa ya sauko mata gaba ɗaya, kamar an ɗora mata kaya.

"Ba ta san ki ba," ta ce.

"Kaka, mutuwa za ni yi?"

"Wa ya kai ki ta san ki? Mun bar kai nono, mun kwashe ɗakuna, mun sauko. Ta manta da mu. Ni ce ban manta ba."

Ta miƙe. Ba ta ɗauki mayafi ba, sanda kawai. Masallacin yana jikin gidanmu, maza na zaune a ƙofarsa bayan sallah kamar kullum, Baba na cikinsu, ya komo daga Buza da dare. Ina kwance na ji muryarta ta tsallako katanga, muryar da ban san tana da ita ba.

"Haruna!"

Inna da ke daka ta saki taɓarya. Mutumin da furfura ta fara fito masa, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba ko a ɗaki, yau ta kira shi gaban jama'a.

"Haruna, tashi! Na kai ɗiyarka gidan Tasalla, na kai ta kan dutse, kububuwa ta cije ta tun jiya, ni na hana ta hwaɗi. Jini ya ƙi tsayawa. Abin da za ka ce mani ka aje shi sai ka komo. Tashi!"

Tana iya kiransa gefe. Tana iya cewa a gona abin ya faru, ko a bayan gida, ba wanda zai musa. Na yi ta tunanin wannan. Ina jin ta ga in ta tsaya gyara magana za a ɓata lokaci ana tambaya, shi ya sa ta zubar da komi lokaci ɗaya, nata da nasa. Kuma ta biya. Kafin azahar gari duka ya ji. Akwai waɗanda sunka daina bin kiran sallar Baba na wani lokaci. Har yau da nake rubutun ga, Baba bai sake zama a ɗakinta ya ci tuwo ba. Daga bakin ƙofa yake gaishe ta kamar maƙwabciya. Ita kuma ba ta sake fita ƙofar gida ba, ko wajen Tasalla.

A amalanken jaki anka kai ni likitar garinmu, wato ƙaramin asibiti. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ɗebi jinina ya zuba a wata 'yar kwalba siririya, ya jingine ta a taga, ya ce kada kowa shi taɓa. Ya ce jinin mai lafiya in an aje shi kamawa yake yi. Munka zauna muna kallon kwalba. Da ya komo ya karkata ta, jinin ya gangara kamar ruwan zoɓo. Ya tambayi irin macijin, Kaka ta kwatanta masa har zanen kai. Ya tambayi tun yaushe.

"Jiya da almuru."

Ya yi mata wani kallo. Ya juya wajen Baba.

"Malam, maganin wanga ba mu da shi nan. Sai Madawa. Yanzu, ba anjima ba."

Ba wanda ya ce Kaka ta shiga ambilans, ba kuma wanda ya iya cewa ta sauka. Baba na gaba kusa da direba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Hanyar jar ƙasa ce, damina ta cinye ta, kowane kwazazzabo sai motar ta faɗa ta fito. Inna na share mini baki da gefen gyalenta har gyalen ya ƙare, ta juya ɗaya gefen. Ina ta danna cikina ina cewa a zuci, motsa mana, ko kaɗan. Shiru. Kaka ta ɗora ƙafata kan cinyarta ta riƙe da hannu biyu don kada ta bugu. Bakinta na motsi. Na kasa kunne na ji Fatiha ce, tana yi tana tuntuɓe, in ta kai ƙarshe sai ta shiga wasu kalmomi da ban sani ba, ta tsaya, ta komo Fatiha. Ban tuna lokacin da munka hau kwalta ba.

A babbar likitar Madawa anka sa mini ruwa a jijiya, anka zuba maganin ciki. Jikina ya ɗauki ɓari, ko'ina ƙaiƙayi. Ungozomar likita ta zo ta ɗora na'ura a cikina, ta daɗe tana nema, ta ce zuciya na bugawa amma a hankali, abin tsoro shi ne jini shi ɓalle daga ciki. Ta ce in ji ko ɗigo a ƙasana in yi kira. Daga nan ban sake yarda in motsa ba. Da Kaka ta zo shiga ɗakin, Baba ya yi magana, karo na farko tun safe, ba tare da ya dube ta ba.

"Ta zamna waje."

Ta koma. Ta taga ina hango ta gindin wani dogon yaro, zaune a ƙasa, sandarta a gefe. Inna ta kai mata fura, ta komo da ita yadda ta kai. Can anka sake ɗibar jini, anka sake jingine kwalba, anka sake karkatawa. Ya gangara. Anka ƙara wani maganin. Ban san yadda zan gaya miki irin gajiyar ba. Tsoro ma yana gajiya, Nana. Ya kai inda ba na roƙon komi, ina dai kallon silin ina haɗiye ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Ko yanzu kowace safiya sai na tofa miyau a tafina na duba kafin in yi miki magana, kuma rana in ta faɗi ba na taka ƙasa ba fitila.

Kashegari bayan azahar wata ma'aikaciya mai ƙiba, mai yawan raha, ta ɗebi jini ta aje kwalbar kan tebur inda nake ganinta. Ta tafi. Baba na tsaye jikin bango da tasbaha, ba ya ja. Inna ta rufe fuska. Ni na kasa ɗauke ido. Da matar ta komo ta ɗauki kwalbar, ta karkata kaɗan, ta ƙara karkatawa, sai ta kife ta gaba ɗaya, baki ƙasa. Ba abin da ya zubo. Jinin ya tsaya a gindi, dunƙule, baƙi-baƙi, mummuna, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

"Kin gani, madam? Ya kama. Kin tsira, ke da mai tsiyar da ke ciki. Sai ki ba mu goro."

Kamar kin ji ta. Kinka yi wani harbi ƙarƙashin haƙarƙarina har na yi ƙara, Inna ta zabura, matar ta yi dariya. Na riƙe wurin ina kuka ba sauti. Sai na ce:

"Baba, a hwaɗa ma Kaka."

Inna ta yunƙura za ta tashi. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe tsaye, sannan ya sa tasbaha aljihu ya fita. Na bi shi da ido ta taga. Ya tsaya nesa da ita kaɗan, hannuwa a baya. Tagar a buɗe take, na ji su.

"Jinin ya tsaya."

Ba ta ɗaga kai ba.

"Na cikin hwa?"

"Yana motsi."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo sandarta ta aje a gefe, ta kwanta nan ƙasa gindin iccen, ta ja bakin zane ta rufe fuska. Baba bai tafi ba. Ya matsa kaɗan, ya tsaya ta wajen da rana ke bugun ta. Haka na bar su da barci ya ɗauke ni.